Rashidi Yekini, Bijimin Kaduna: Tsawo da ƙarfi a fili, kaɗaici bayan an tashi wasa

Duk ma'aikacin da ke fitowa daga Lugbe ko Kuje ko Gwagwalada da safe, kafin ya shiga tsakiyar Abuja sai ya wuce ta gefen babban filin wasa na ƙasa, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a ranar 12 ga Yunin 2019. Ɗan wasan da ya fi kowa shahara cikin waɗanda suka taɓa sa rigar ƙungiyar ƙwallon Abiola bai taɓa buga wa Najeriya wasa a wannan fili ba, domin an buɗe shi ne a 2003, shekara biyar bayan wasansa na ƙarshe da rigar ƙasa. Shi ne Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, dogo mai faɗin ƙirji, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo ta farko a gasar cin kofin duniya, ya kuma bar tarihin ƙwallo 37 da aka shafe fiye da shekara 25 babu wanda ya kamo.

Har gobe, duk lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta fitar da sunayen 'yan wasan Super Eagles, muhawara ɗaya ce ke tashi a ofisoshi da majalisun hira: shin akwai dogaye da ƙarfafa a cikinsu, ko kuwa an tara masu gwaninta ne da za a riƙa turewa su faɗi? Kuma da wuya a tashi daga wannan muhawara ba a ambaci Yekini ba. Rayuwarsa ta nuna abin da ƙirar jiki ke iya yi wa tawaga, da inda amfaninta ke tsayawa, da kuma abin da ke samun mutumin da jikinsa ne jarinsa ranar da jarin ya ƙare.

Kaduna ta zamanin masaƙu

An haifi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoban 1963. Asalin iyayensa mutanen garin Ira ne, a ƙaramar hukumar Oyun ta Jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya buɗi ido, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Kadunar da ya tashi a cikinta hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa ce, gari na ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan jirgin ƙasa, sannan uwa uba garin masaƙu. A yankin Kakuri, dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasa suna shiga aiki suna fita dare da rana a kamfanonin saƙa irin su KTL da Arewa Textiles da UNTL.

A wancan zamani manyan kamfanoni da hukumomi su ne ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo. Matashin da Allah Ya ba baiwar taka leda yakan sami riga da takalmi da ɗan abin sawa a baki a ƙarƙashin inuwar ma'aikata. Ta wannan ƙofa Yekini ya shiga, inda ya fara wasa a ƙungiyar UNTL a farkon shekarun 1980. Ba shi kaɗai garin ya haifar ba. Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk 'ya'yan Kaduna ne da suka biyo bayansa har zuwa rigar ƙasa. Yau masaƙun sun yi tsit, kuma da durƙushewarsu aka rasa ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da yaron talaka a Arewa ke bi ya kai ga idon masu horarwa.

Abin da ya fara jan hankali a kan Yekini shi ne ƙirarsa. Tsawonsa ya kai kimanin mita 1.90, ga dogayen ƙafafu, ga kafaɗa, ga gudu da ba a saba gani wurin mai irin girmansa ba. Bugunsa da ƙafar dama kuwa, mai tsaron raga kan ji shi a tafin hannu har bayan an tashi. Daga nan laƙabin Bijimin Kaduna ya samo asali, ya kuma bi shi har Turai.

Daga Badun zuwa Abidjan

Bai jima a UNTL ba ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Da shi ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke ta gida da waje. A wannan shekara ce kuma ya fara buga wa Najeriya, yana cikin tawagar Adegboye Onigbinde da ta je gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa, ta sha kashi a hannun Kamaru da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Daga Ibadan ya koma Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar da attajiri Moshood Abiola ke zuba wa kuɗi, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1985.

A 1987 ya ƙetare iyaka zuwa Africa Sports ta Abidjan. A lokacin Abidjan zango ne ga ɗan wasan Najeriya mai niyyar Turai, domin ƙungiyoyin can sun fi biya, kuma dillalan Faransa da Beljiyam suna yawan leƙawa. Stephen Keshi ma ta nan ya bi kafin ya isa Beljiyam. Shekara uku Yekini ya yi yana gwabzawa da 'yan bayan Afirka ta Yamma, waɗanda ba su san sassauci ba, a filayen da ƙwallo ba ta gudu salin-alin a ƙasa. Wannan makaranta ce ta koya masa yadda zai sa jikinsa tsakanin abokin hamayya da ƙwallo, ya sha duka bai faɗi ba.

Abin da dogon ɗan gaba ke yi wa tawaga

Lissafin a fili yake. Sandar saman raga tana da tsawon mita 2.44 daga ƙasa, faɗin ragar kuma mita 7.32. Duk ƙwallon da aka ɗago daga kusurwa ko daga bugun tazara, wanda kansa ya riga kaiwa gare ta shi ke da iko da ita. Mai mita 1.90 ya riga ya ba mai mita 1.75 ratar santimita 15 tun kafin a yi tsalle. Shi ya sa ko tawagar da ta fi kowa iya wasan ƙasa ba ta rasa dogaye biyu ko uku a tsakiyar baya da cikin raga. Mutanen Abuja sun ga misalin haka da idonsu ranar 15 ga Nuwamban 2009, a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, lokacin da Haris Seferovic na Suwizalan ya sa kai ya ci Najeriya daga bugun kusurwa, kuma wannan ƙwallo ɗaya tilo ita ta tafi da kofin.

Amfanin ƙarfi a gaba kuwa ya wuce sa kai. Idan abokan hamayya suka matsa wa tawaga lamba, mai tsaron baya yakan buga ƙwallo sama zuwa gaba don ya sami numfashi. In ɗan gaban mara ƙarfi ne, nan take ƙwallon za ta dawo. In kuwa mai ƙwanji ne, zai tare ta da ƙirji, ya juya wa ɗan baya baya, ya riƙe ta na daƙiƙa biyu ko uku har 'yan tsakiya su iso. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙi su ne bambancin tawagar da ke kai hari da wadda ke kare kai kawai. Bugu da ƙari, ɗan gaban da mutum ɗaya ba ya iya riƙewa yakan tilasta wa koci ya sa masa mutum biyu, sai fili ya buɗe wa 'yan gefe. Dokar da aka kawo a 1992, wadda ta hana mai tsaron raga kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa, ta ƙara wa irin waɗannan 'yan gaba daraja, domin ɗan baya ya rasa mafakar da yake gudu zuwa gare ta idan ƙato ya taso masa.

Sai dai Yekini ba irin dogon da ke tsayawa a gaban raga yana jiran a ɗago masa ba ne. Yawancin ƙwallayensa da ƙafa ya ci su. Dabararsa ita ce ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya na ƙarshe, da zarar an zura ƙwallo ta bayansu sai ya ɓalle. Taku uku ko huɗu na dogayen ƙafafunsa sun isa ya ba da rata, wanda ya yi ƙoƙarin ture shi kuma shi ke yin gefe. Tsawo ya ba shi faɗin taku, ƙarfi ya hana a kayar da shi, amma sanin lokacin da ya dace ya tashi, wannan aikin ƙwaƙwalwa ne da yawan atisaye.

Setubal, inda Turai ta shaida

A 1990, yana dab da cika shekara 27, ya sa hannu a Vitoria ta Setubal, garin masunta da ke bakin teku kudu da Lisbon a ƙasar Fotugal. A ma'aunin yau ya makara, domin yanzu tun suna 'yan 18 ake kwashe yara. Ƙungiyar ba ta cikin manya uku na ƙasar, wato Benfica da Porto da Sporting, har ma ta faɗa rukuni na biyu yana cikinta. Bai gudu ya bar ta ba. A kakar 1992 zuwa 1993 ya zura ƙwallo 34, ya taimaka aka dawo da ita babban rukuni. A kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a duk gasar Fotugal, alhali yana wasa a ƙungiyar da ba ta da taurarin da za su riƙa ba shi a baki. Cikin shekara huɗu ya ci wa Setubal ƙwallo kusan 90 a wasannin lig.

A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan kambu, kuma bayansa ne Emmanuel Amunike da Nwankwo Kanu da Victor Ikpeba suka biyo a cikin shekarun 1990.

Azurfa uku kafin zinari

A rigar ƙasa, haƙuri ya sha kafin ya ga riba. Bayan azurfar 1984, an sake kaiwa wasan ƙarshe a Maroko a 1988, Kamaru ta sake yin nasara da ci ɗaya mai ban haushi. A wannan shekara ya je gasar Olamfik a birnin Seoul, ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Najeriya ta samu a gasar, a wasanta da Yugoslabiya. A 1990 aka je Aljeriya, mai masaukin baƙi ta yi wa Najeriya ci 5 da 1 a wasan farko. Tawagar ta farfaɗo, Yekini ya ci Masar, ya ci Kwaddibuwa, ya ci Zambiya, amma a wasan ƙarshe Aljeriya ta sake yin galaba da ci ɗaya. A Senegal a 1992 ya fi kowa cin ƙwallo da huɗu, aka dawo da tagulla.

Mutumin da ya ɗinke wannan tawaga shi ne Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, wanda ya karɓi aikin horarwa a 1989. Westerhof ya fahimci cewa a Afirka, inda ake wasa cikin zafin rana a filaye masu tauri, tawagar da ba ta da ƙashi ba ta zuwa ko'ina. Don haka ya fara kafa ginshiƙai: Peter Rufai a raga, Stephen Keshi da Uche Okechukwu da Uche Okafor a tsakiyar baya, Augustine Eguavoen a dama, Sunday Oliseh a tsakiya, Amokachi da Yekini a gaba. Finidi George, duk da ɗan gefe ne, dogo ne sambal. Mutiu Adepoju kuwa har laƙabin hedimasta aka yi masa saboda iya sa kai. Amma kocin bai cika tawagar da ƙarti kaɗai ba. Ya bar gurbi ga Amunike, gajere mai zafin nama, da Austin Okocha, wanda ƙwallo ke bi kamar raƙumi da akala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙarti suna share hanya, masu dabara suna wucewa.

A wasannin neman gurbin kofin duniya na 1994, Yekini ya ci ƙwallo takwas. Ranar 8 ga Oktoban 1993, canjaras ɗin ɗaya da ɗaya da aka yi a birnin Aljas ya ba Najeriya tikitinta na farko a tarihi. Watanni kaɗan bayan haka aka tafi Tunisiya. Ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya farke wa Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa, sannan ya buga fenaretin da ya raba gardama bayan an tashi biyu da biyu. Dogayen ƙwallayen da Oliseh ke aika masa daga tsakiya sun zama abin tsoro a gasar. Ranar 10 ga Afrilun 1994 aka haɗu da Zambiya, wadda ta sake gina tawaga bayan haɗarin jirgin sama da ya hallaka 'yan wasanta a gaɓar tekun Gabon shekara guda kafin nan. A wannan rana Yekini bai ci ba. Amunike, ɗaya daga cikin mafiya gajarta a tawagar, shi ya ci biyun da suka kawo kofin. Yekini ya tashi da kyautar wanda ya fi cin ƙwallo da biyar, da ta gwarzon gasa, jimillar ƙwallayensa a gasar Afirka kuma ta kai 13. A watan ne hukumar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa.

Daga Dallas zuwa Boston

Ƙasar da tawagar ta baro a baya tana cikin ruɗani. An soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, Abiola kuma ya ayyana kansa shugaban ƙasa ranar 11 ga Yunin 1994. Kwana goma bayan haka, ranar 21 ga wata, Najeriya ta shiga filin Cotton Bowl na birnin Dallas a Amurka don karawa da Bulgeriya, dare ya riga ya raba a gida. A minti na 21 Finidi ya shimfiɗo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga daga kusa, ya bi ta ciki, ya damƙi zaren ragar da hannu biyu yana jijjigawa yana kuka. Wannan hoto ya zagaya duniya, kuma har yau shi ake fara nunawa idan ana maganar Najeriya da kofin duniya. Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi uku da nema. Bulgeriyar nan kuwa ba kanwar lasa ba ce, domin sai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar. Kwana biyu bayan wasan, aka kama tsohon maigidan Yekini, Abiola, a Legas.

Ajantina ta doke Najeriya 2 da 1, Najeriya ta doke Girka 2 da nema, ta fito ta ɗaya a rukuni. Ranar 5 ga Yuli aka haɗu da Italiya a kusa da Boston, kuma a nan ne aka ga iyakar ƙarfin tuwo. Amunike ya ci daga bugun kusurwa tun kafin hutun rabin lokaci. Sai rauni ya fitar da Amokachi, daga baya ya fitar da Amunike, aka bar Yekini shi kaɗai tsakanin Paolo Maldini da Alessandro Costacurta, waɗanda ba su yarda sun yi kokawa da shi ba, sai dai su tare hanyar da ƙwallo za ta bi ta same shi. An ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma, saura minti biyu a tashi Najeriya na gaba. Cikin ɗan sakaci guda, Roberto Baggio, wanda tsawonsa bai wuce mita 1.74 ba, ya farke, sannan ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Tawagar da ta fi ƙarfi da gudu ta koma gida, wadda ta fi natsuwa ta wuce har wasan ƙarshe.

Bayan gasar an yi ta maganganu a jaridu cewa akwai tsamin dangantaka tsakanin Yekini da wasu abokan wasansa, har ana cewa ba a ba shi ƙwallo yadda ya kamata. Ko ma mene ne, bai sake ci ba a Amurka bayan ta Dallas. Ɗan gaba, komai girmansa, da ƙafar wasu yake cin abinci.

Lokacin da jiki ya fara ja da baya

Daga nan al'amura suka fara sauka. Ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya wuce Sporting ta Gijon a Sifaniya, rauni ya hana shi sakat. Wannan ita ce jarrabawar mai babban jiki: nauyin da ke ture 'yan baya shi ne gwiwa da idon sawu ke ɗauka a kowane taku, kuma idan shekaru suka haura talatin, warkewa kan ɗauki lokaci. Siyasa ma ta ci nata rabon. Gwamnatin Abacha ta janye Najeriya daga gasar Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, CAF kuma ta haramta mata ta 1998, ta haka aka yi asarar gasa biyu da zai iya ƙara yawan ƙwallayensa.

Ya sake leƙa Setubal, sannan ya tafi Zurich ta Suwizalan, inda ƙwallo 14 da ya ci a kaka guda suka sa jama'a suka matsa a mayar da shi tawagar ƙasa. Bora Milutinovic ya tafi da shi Faransa a 1998 yana da shekara 34. Galibi daga benci yake shigowa, amma a wasan da aka doke Sifaniya 3 da 2, shi ya miƙa wa ɗan garinsu Garba Lawal ƙwallon da ta zama ta biyu. Wasan da Denmak ta ci Najeriya 4 da 1 ranar 28 ga Yuni shi ne na ƙarshe da ya yi da rigar ƙasa.

Bai iya rabuwa da fili ba. Ya taka leda a Bizerte ta Tunisiya, da Al-Shabab ta Riyad, ya koma Africa Sports, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, ƙungiyar kamfanin da ya shimfiɗa da yawa daga cikin titunan Abuja. A 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abekuta. Taurarin zamaninsa kaɗan ne suka yarda suka dawo gasar cikin gida da ƙafarsu, kuma duk garin da ya je sai 'yan kallo sun cika don su ga Bijimi.

Shekarun shiru a Ibadan

Da ya rataye takalmi, sai ya zauna a gidansa na Ibadan, ya janye jiki daga jama'a. Bai nemi aikin koci ba, bai nemi muƙami a hukuma ba, ba a ganinsa a bukukuwan da tsofaffin 'yan wasa ke halarta. Mutanen garin sun saba ganinsa yana zuwa filin wasa yana motsa jiki shi kaɗai, kamar mai shirin wasan da za a buga gobe. A 2011 rahotanni suka bazu cewa yana fama da lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwa. Ranar 4 ga Mayun 2012 ya rasu yana da shekara 48, aka kai shi Ira aka yi masa sutura bisa tsarin Musulunci.

Mutumin da 'yan bayan nahiya biyu suka kasa kayarwa, ciwon da ido ba ya gani ne ya same shi, a ƙasar da a lokacin dokar da ke magana kan masu irin wannan lalura ta zamanin Turawa ce, ta 1958. Sai a farkon 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, fiye da shekara goma bayan rasuwarsa.

Abin da ya rage wa masu riƙe da fayil

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya san ranar da zai ajiye aiki, ko ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, kuma duk da wahalar da ake sha, akwai asusun fansho da sunansa. Ɗan ƙwallo kuwa aikinsa kan ƙare ne a lokacin da tsaransa na ofis ke fara hawa manyan matakai, ya fita da gwiwa mai ciwo da sauran shekara talatin ko arba'in da zai ci abinci. Abin da ƙasa ta yi masa alkawari ranar murna shi ne sau da yawa madogararsa. Gwamnati ta yi wa tawagar da ta ci kofi a Tunisiya alkawarin gidaje a 1994. Wasu ƙalilan sun samu da wuri, amma mafi yawansu sai a Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su, bayan shekara 27. Kafin wannan rana, biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, da kyaftin Keshi a 2016. Alkawari kaya ne, kuma takardar da ta kwana a kan tebur a Abuja, wani ne can ke jiranta da ransa.

Ga masu zaɓen yara a makarantu da gasannin matasa kuma, akwai abin lura a tarihinsa. Kocin da ke neman nasarar gaggawa yakan ɗauki yaron da ya fi tsaransa girma ya bar ƙarami mai basira, kuma wannan kwaɗayi ne ya daɗe yana haifar da rage shekaru, har FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 2009 da aka yi a nan Najeriya. Tawagar 1994 ba ta yi fice don tsawo kaɗai ba. Ta haɗa Yekini mai mita 1.90 da Amunike da Okocha a fili ɗaya, kowa da aikinsa, bayan koci ɗaya ya shafe shekara biyar yana gini ba a kore shi ba. Dogaye da ƙarfafa ba su taɓa yin ƙaranci a Kaduna ko Kano ko Jos ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙungiyoyi irin ta UNTL da za su karɓi yaro tun yana ɗanye, da hukumar da za ta tuna da shi bayan tafi ya lafa.

Ranar 23 ga Oktoban 2023, da ya cika shekara 60 da haihuwa, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko don tunawa da shi. Yaran da ba a haifa ba lokacin wasan Dallas sun san hoton dogon mutumin nan da ke riƙe da raga. Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya sa ya huta.